Wasiƙa daga Los Angeles: yadda ake karɓar ɗan kallo, jiya da yau

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya. Na ga saƙonka a kan shirin da kake yi na mayar da gidan kallon ƙwallonka wurin nuna finafinan Hausa, ka kuma ce in gaya maka yadda silima take a nan.

Ta fuskar kaya, ba a magana. Tikiti a waya ake saye, ka zaɓi kujerarka tun kana gida. Kujerar tana kwanciya kamar gado, sauti ta kowane ɓangare, wuta ba ta ɗaukewa. Amma da daddare tikiti yakan kai kusan dala 20, gugguru da lemo kuma sukan ci kusan kuɗin tikitin. Talla kaɗai sai ta ci minti 20 kafin a fara fim. Ranar Talata ake ragi, ranar ce irinmu ke zuwa. Abin da suka rasa shi ne mutum: ka shiga ka fita babu wanda ya ce maka sannu da zuwa, waya kawai za ka nuna a ƙofa.

Tsofaffin gidajen silimarsu ne suka fi ɗaukar hankalina, kuma su ne nake ganin za su amfane ka. A titin Hollywood akwai Egyptian da aka buɗe a 1922, da Chinese na 1927, duka aikin Sid Grauman. A titin Broadway na tsakiyar gari akwai Orpheum na 1926. Na kalli fim marar magana a ɗaya daga cikinsu. Darduma mai taushi tun daga bakin ƙofa, fitilu na reto daga rufi mai ruwan zinariya, wani dattijo a gaban allo yana kaɗa ogan, babban kayan kiɗa mai bututun iska, da hannu biyu da ƙafa biyu. Doki ya yi gudu a allo, kiɗan ya bi shi. Yarinya ta yi kuka, kiɗan ya yi sanyi. Ban rasa magana ko ɗaya ba.

Ba haka aka fara ba. A 1905 a Pittsburgh aka buɗe irin shagon da ake biyan santi biyar a zauna a kalli ɗan gajeren fim, cikin 'yan shekaru suka cika ƙasar. Leburori ne da baƙi daga wasu ƙasashe suka fi zuwa, waɗanda ko Turanci ba su ji, tunda fim ɗin ba ya buƙatar yare. Wannan ya taɓa ni sosai, don na san kaɗaicin baƙo. Masu hali kuwa suna yi wa wuraren kallon matattarar 'yan iska. Sai masu sana'ar suka tashi wanke sunanta, kuma mata da iyali suka nufa. Suka gina manyan gidaje, suka ɗauki samari cikin kayan sarki riƙe da tocila suna raka mutum har kujerarsa, wasu gidajen har da ɗakin renon yara. A 1925 aka sa na'urar sanyaya ɗaki a Rivoli ta New York, jama'a suka riƙa sayen tikiti don sanyin kaɗai. Da tattalin arziki ya karye bayan 1929, sai aka koma fim biyu a tikiti ɗaya, aka ware daren da ake bai wa kowace mace faranti ko kofi kyauta, har ta haɗa saiti.

Kuma suna jin ta bakin ɗan kallo. Da farko kamfanoni ba sa faɗin sunayen 'yan wasa, don kada su nemi ƙarin kuɗi. 'Yan kallo suka dame su da wasiƙu, suna tambayar sunan yarinyar nan ta kamfanin Biograph, har a 1910 aka bayyana cewa Florence Lawrence ce. Daga 1911 mujallu irin su Photoplay suka fito, kuma mujallun nan sun riƙa buga wasiƙun masu kallo. Koke-kokensu za su ba ka dariya don ka san su: macen da hularta ta tare allo, da mai karanta rubutun allo da ƙarfi, kamar mutumin nan da ya riga ya kalli fim ɗin Indiya a Plaza, ya zauna a bayanka yana faɗin abin da bos zai yi.

A kan taurari kuwa gardama ce mai zafi. Mata sun mutu a kan Rudolph Valentino, maza da yawa suna ganin ya cika kwalliya. A 1926 wata jaridar Chicago ta zarge shi da lalata mazantakar samarin Amurka, ya fusata har ya ƙalubalanci marubucin su yi dambe. Bayan 'yan makonni ya rasu yana da shekara 31, dubban mutane suka cika titunan New York don ganin gawarsa. Da fim mai magana ya zo a 1927, ba kowa ya yi murna ba. Makaɗan silima sun rasa aiki, ƙungiyarsu ta yi ta yaƙi da kiɗan na'ura, Charlie Chaplin kuma ya ƙi sakin salonsa na da har 1936. Malaman coci ma sun matsa, sai a 1934 aka tsaurara dokar tace finafinai, tun kafin Kano ta kafa tata hukumar a 2001.

Sai dai karramawar nan ba ta kai ga baƙar fata ba, kuma ina zaune a ƙarƙashin fitilun nan abin yana cikin raina. A wurare da yawa saman bene ake tura su, wasu ma a hana su shiga. A nan garin aka fara nuna The Birth of a Nation a 1915, fim ɗin da ya yabi 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙe, ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙe ta yi ta neman a hana shi. Baƙaƙe ba su zauna ba. Ɗaya daga cikinsu, Oscar Micheaux, ya shirya nasu finafinan, a 1927 kuma aka buɗe silimar Lincoln a titin Central domin su.

Mu namu, tun daga Rex ta Kano a 1937, silima ba ta taɓa wanke sunanta ba. A da fili ne babu rufi, sai dare ya yi, macen kirki ba ta zuwa, shi ya sa kallon mata ya koma cikin gida a kaset da faifai, yanzu kuma waya. Alhali su ne suka fi kowa son fim ɗin Hausa. Saboda haka, Yaya, kafin ka sayi babban allo ka fara da banɗaki mai tsabta da wurin salla. Ka ware kallon rana na mata da yara, mata su tsare ƙofa su sayar da tikiti. Ka nemi izinin hukuma da na masu fim, ka je wa mai unguwa da liman tun kafin a buɗe. In ka ce ƙarfe huɗu, a fara ƙarfe huɗu. Ka aiko mini da farashin sola da fanka shida a kasuwa yanzu, in ga abin da zan iya turowa ƙarshen wata.

Ƙaninka.