Jatan landen Amurka da tarwaɗarmu ta Kano

Yaya, bayan gaisuwa, a gaida min Hajiya da yara. Tunda ka shiga kiwon tarwaɗa kake tambayata yadda harkar kayan ruwa take a nan Amurka.

Abin da suka fi ci shi ne jatan lande. Ba irin busasshen karafish ɗin da ake aunawa a Sabon Gari ba, wannan manya ne kamar ɗan yatsa, an ɓare, an daskarar, an zuba a leda an rubuta ƙasar da ya fito. Kusan duka shigo da shi ake yi, galibi daga wuraren kiwo na Indiya, Ikwado, Indunusiya da Biyetnam. Ido ba zai ga aibunsa ba. Amma a 2015 ƙungiyar kare masu sayen kaya ta Consumer Reports ta sayi leda 342 ta gwada, ta samu ƙwayoyin cuta a kashi 60 cikin 100 na ɗanyen, bakwai kuma na ɗauke da MRSA, ƙwayar da magunguna da yawa suka daina ci.

Daga kududdufi abin yake farowa. A cunkusa jatan landen wuri guda, ruwa ya ɓaci, cuta ta shiga, mai kiwo ya riƙa cuɗa magani a abincinsu. Raunanan ƙwayoyin cutar su mutu, masu taurin kai su hayayyafa. Dahuwa tana kashe su, amma kafin a kai ga tukunya sun hau wuƙa da katakon yanka da hannun uwargida.

Inda suka fi mu shi ne tsaro. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, kan hana kaya shiga idan ta ga ragowar haramtaccen magani. Ba ka samun maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, kuma tun Yunin 2023 dokar ta game irinsa na dabbobi. Mu kuwa yaro ma sai a aike shi kemis ya sayo ja da yalo. Abin na damuna ƙwarai, domin binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga ya nuna ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina shan wuya.

Don Allah Yaya, idan kifi ya fara mutuwa, ka fara sauya ruwa, ka rage cunkoso, ka kira likitan dabbobi. In ya rubuta magani, ka tambaye shi kwana nawa za ka jira maganin ya fita daga jikin kifin kafin ka kai kasuwar Galadima. Kuɗin likitan ni zan turo.