Kwas ɗin jagoran daji da na yi a Afirka ta Kudu, ga yadda na same shi

Salam 'yan uwa. Tunda na dawo Jidda ake ta tambayata a WhatsApp wai riyal ɗin da na zuba sun biya ko yawo kawai na je, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Sansanin yana wani daji ne da ke manne da gandun Kruger, wanda aka kafa tun 1926, babu shinge tsakaninsu, kuma manhajar FGASA ake bi, ƙungiyar da ke ba jagororin daji shaida a can. Tanti ake kwana, da dare kura na zagaya kicin kana jin kukanta.

Abin da ya biya kuɗina shi ne tafiyar ƙasa. A mota kowa gwani ne wallahi, zaki na kwance ka tsaya ka ɗau hoto ka wuce. Amma in aka sauke ku da asuba kuka jera ɗaya bayan ɗaya, malami a gaba da bindiga, ba magana sai alama da hannu, nan ake karatun. Yana ɗauke da toka a cikin safa, ya ɗan kaɗa ya ga inda iska ta nufa kafin mu matsa ko'ina. Ya koya mana sawu, na zaki da damisa ba a ganin farce, na kura ana gani, kashin farin karkanda ciyawa ce zalla shi kuwa baƙin zaka ga guntayen itace da ya datse a karkace. Kukan carki ma labari ne, in suka tashi da hayaniya daga cikin ƙurmi to ɓauna ko karkanda na nan kusa, ka ja birki.

Giwa ce ta fi gwada mu. Wata safiya mun ci karo da toro ƙarƙashin danya, marula suke ce mata, yana tsintar 'ya'yan da suka zubo, ya juyo ya baza kunnuwa ya watso ƙasa da hanci ya yo kanmu, ni dai Ayatul Kursiyyu kawai nake ja a zuci, malamin bai ɗaga bindiga ba ma, ya tsaya ƙyam yana masa magana da murya ƙasa ƙasa har ya girgiza kai ya juya. Bayan nan ya zaunar da mu ya ce baza kunne da ihu yawanci barazana ce, wanda ya kwantar da kunnuwa ya naɗe hanci ya sunkuyar da kai shi ne da gaske yake, kuma in ka ga ruwa na zuba a gefen fuskar toro yana ɗigar fitsari to yana cikin zafin barbara, ka ba shi hanya tun daga nesa. Doka ɗaya dai, ba a gudu.

Inda ban ji daɗi ba abinci ne. Sun ce min akwai halal kafin in biya, da na je sai kifin gwangwani da ƙwai na yi ta ci, su kuwa kullum gashi har da tsiren gadu. Sallah ba su hana ni ba amma ba mai fita tanti cikin duhu shi kaɗai, Asuba a ciki na riƙa yi, alƙibla kuma arewa take a can, ka tafi da kamfas dan sabis ba tabbas. Tuƙi a hagu ne da giyar hannu, jarabawa da Turanci har da sunayen itatuwa na Latin, wannan ya ban wahala sosai. Lokacin damina akwai maleriya, ka ga likita kafin ka tashi.

Wani zai ce mu nan Saudiyya ina giwa ina ɓauna. Haka ne, abin da muke da shi mariri da barewa da jimina, a gandun dajin Sharaan na AlUla ko na Uruƙ Bani Ma'arid da UNESCO ta sa a jerinta na wuraren gado na duniya a 2023. Amma karatun sawu da iska da riƙe baƙi kar su firgita duk ɗaya ne, kuma a yashi sawun ya fi fitowa ma. In aikin kake nema ka je, ka dai sa su rubuto maka maganar abinci kafin ka tura kuɗi. In hoto da zaki kake so, safari na 'yan kwanaki ya fi maka arha nesa ba kusa ba.