Zanen Zaren Kabon na Naɗe Ginshiƙan Kankare: Amfaninsa da Aibinsa

Zanen zaren kabon (wato ƙyalle mai ƙarfi da aka yi da zaren sinadarin kabon) da ake naɗe ginshiƙi da shi, a manne shi da gam ɗin efoksi, kaya ne da ya cancanci yabo a kan ginshiƙi mai siffar da'ira. Idan nauyi ya danne kankare yakan nemi buɗewa ta gefe, sai zanen ya ɗaure shi tamau, ƙarfinsa ya ƙaru, ya kuma daɗe yana jurewa kafin ya karye.

Amma a kan kankare mai ƙarfin gaske amfaninsa yana raguwa, domin irin wannan kankare ba ya buɗewa sosai kafin ya fashe farat ɗaya, saboda haka zanen ba ya kama aiki da wuri, kuma dole a ƙara yawan naɗin. A ginshiƙi mai kusurwa huɗu kuwa, matsin yana taruwa a kusurwoyi, kuma idan ba a goge kaifinsu ba, daidai nan zaren yake tsinkewa.

Babban aibinsa a ganina shi ne rashin jure zafi, domin gam ɗin yana laushi tun gobara ba ta yi nisa ba, sai an yi masa rufin kariya.