Gargaɗi ga masu gini: a yi hattara da masu sa tagar alminiyam a rani

Jama'a, don Allah duk wanda ke gini ya karanta wannan. Abin ya faru da yayata a Kano, kuma na ji wasu ma sun faɗa irin wannan tarkon.

Wani ne yake talla a Facebook da WhatsApp da hotunan gidaje masu kyau, farashinsa ƙasa da na kowa. Ya kawo samfuri mai kauri, ya karɓi kafin alƙalami mai tsoka, ya sa tagogin a watan Janairu. Nan dabarar take. Lokacin hunturu babu ɗigon ruwa, kowace taga lafiya lau take a ido. Yaya ta cika masa kuɗinsa har da godiya.

Hadarin farko mai iska da ya taso daga gabas a watan Yuni ya tona asiri. Ruwa ya biyo bango ya jiƙa katifar yara, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Muka kira lambarsa, a kashe. Shagon da ya nuna mata ma ashe ba nasa ba ne.

Da muka kawo wani magini dattijo ya fasa filastar gefen taga ɗaya, na gani da idona: takardar buhun siminti aka cusa tsakanin firam da bango, aka shafe da siminti sama-sama. Babu silikon ko kaɗan, wato danƙon da ake toshe gefen taga da shi don kada ruwa ya shiga. Alminiyam ɗin kuwa da yatsa biyu kake lanƙwasa shi, bai kai rabin samfurin ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dandamalin waje na ƙasan taga. Dole ya ɗan gangara waje, ya fito ya wuce bango kaɗan, a yi masa siririn kwari ta ƙarƙashin leɓensa don ruwa ya ɗiga ƙasa kada ya bi jikin gini. Nasa ciki ya karkata, ruwa na kwanciya a gindin firam. Sannan ƙananan ramukan da ke ƙasan firam, waɗanda ruwan da ya shiga layin zuge taga ke fita ta cikinsu, ya toshe su duka. Wai don kada ƙura ta shiga, haka ya ce wa Yaya, ita kuma ta yarda.

Kafin ku ba kowa kuɗi, ku je gidan da ya yi wa aiki wanda ya ga damina aƙalla ɗaya, ku tambayi masu gidan. Ku riƙe samfurin a hannunku ku gwada da kayan da aka kawo. Ranar da ya gama, kada ku biya ragowar sai an watsa wa kowace taga ruwa da tiyo ko bokiti daga waje, wani na tsaye a ciki yana dubawa, musamman tagogin gabas.

Yanzu taga shida za a cire a gidan Yaya, a sake dandamali da filasta da fenti.