Dutse ko tangaran: wane tayil za a ɗora kan daɓe mai ɗumi?

Masu gyaran gida a Ingila sun sha tambayata wannan. A can ana binne bututun ruwan zafi cikin daɓen siminti don maganin sanyi.

Dutse, kamar mabul ko silet, ya fi riƙe ɗumi. Ka kashe na'urar ɗumama ruwan da daddare, da asuba tafin ƙafarka zai ji sauransa. Amma akwai shi da laulayi. Daɓe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, mabul kuwa bai iya jure wannan motsi ba, sai ya tsage. Dole a bar daɓen ya bushe, kusan kwana ɗaya ga kowace milimita 1 ta kaurinsa, a kunna zafin sannu a hankali, a kashe, a shimfiɗa ledar da ke raba tayil da daɓe. Ga shafa maganin hana shan ruwa lokaci-lokaci, in ba haka ba shayi ya zube ya bar tabo.

Tangaran, irin wanda ake kira porcelain, bai shan ruwa sama da kashi 0.5 cikin 100, yawanci ya fi araha, goge-goge kawai yake so. Sai dai in gefensa ya ɓantare, sai canji. Dutse kuwa ana gurzawa ya dawo sabo.

Mai kuɗi da haƙuri, wanda zai daɗe a gidan, dutse ya dace da shi. Mai yara ƙanana ko gidan haya, ya ɗauki tangaran.