Na'urorin mesh uku a gidan gado: inda suka kai da inda suka tsaya

Gidanmu da ke Ƙofar Marusa a Katsina gidan gado ne da aka yi ta ƙara wa ɗakuna shekara da shekaru. Zaure da sashen Hajiya ginin ƙasa ne mai kaurin bango wanda aka shafe da siminti, sashen da na gina daga baya bene ne na bulo da dekin, a bayansa kuma akwai lambu mai mangwaro da gwaba. Rautar da muke amfani da ita, irin mai ɗaukar layin 4G, tana saman bene kusa da taga domin nan ne sabis ya fi ƙarfi, amma waifai ɗinta bai taɓa ƙetare tsakar gida ba. Duk lokacin da Hajiya za ta yi kiran bidiyo da ƙanwata da ke aure a Kano, sai an kawo mata kujera gindin matakala.

Na fara gwada rifita, wato ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a soket don ta ƙara wa waifai nisa, kuma ban ji daɗinta ba. Irinta mai rediyo ɗaya da shi take karɓa, da shi take mayarwa, saboda haka kusan rabin gudun intanet a hanya yake zubewa. Bayan haka ne na sayi saitin mesh, wato na'urorin waifai da ke haɗuwa da juna su rarraba sabis a faɗin gida, guda uku, waɗanda yau watanni biyar ke nan suna aiki a gidan.

Haɗa su bai ba ni wahala ba. Ana jona ta farko da rauta ta kebul, a sauke manhajar kamfanin a waya, sauran biyun kuma su nemo uwarsu da kansu. Abin da ya fi burge ni shi ne suna ɗaya da lambar sirri ɗaya ne ga gidan baki ɗaya, ta yadda mutum zai taso daga bene yana magana, ya ratsa tsakar gida har zaure, wayarsa ta koma kan na'urar da ta fi kusa ba tare da kiran ya yanke ba. Sai dai manhajar ta tilasta mini buɗe asusu da imel kafin ta yi komai, kuma babu Hausa a cikinta, don haka ni kaɗai ake kira idan fitilar ta koma ja.

Kuskurena na farko shi ne na kai na'ura ta biyu cikin ɗakin Hajiya, tunda can ne matsalar take. Fitila ta nuna an haɗu, amma bidiyo sai tsayawa yake yi. Matashin da na kira daga wani shagon kayan kwamfuta ya ɗora tafin hannunsa a bangon, ya ce: "Yallaɓai, ai ita ma sai ta samu sannan za ta bayar. A fito da ita baranda, inda take hango taga." Gaskiyarsa ce. Waɗannan na'urori suna aiki da zango biyu, na gigahaz 2.4 wanda ya fi nisa da ratsa bango amma bai da sauri sosai, da na gigahaz 5 mai sauri wanda bangon ƙasa da rodin dekin ke kashe wa ƙarfi nan da nan. Da muka mayar da ita baranda, sashen Hajiya ya samu har cikin uwar ɗaka.

Lambu ne ya gagare su. Abin da aka rubuta a kwali game da faɗin wurin da suke iya kaiwa bai yi lissafin bangon ƙasa, kwanon rufi da ganyen mangwaro ba, kuma na'urorin na cikin ɗaki ne, ba a yi su don ruwan Agusta ko ƙurar hunturu ba, balle zafin Afrilu. Maganin da ya yi aiki shi ne kebul na intanet irin Cat6 da muka saka cikin bututun roba daga bene zuwa ɗakin ajiya da ke bakin lambu, muka jona ta uku a can, a kan wata kanta kusa da taga. Irin wannan kebul yana kai mita 100 lafiya, namu bai kai rabin haka ba. Tun ranar ina zama ƙarƙashin bishiya da kwamfuta bayan la'asar, kuma gudun bai bambanta da na falo ba sosai. Wanda lambunsa ya fi namu girma gara ya nemi na'urar waje mai jure ruwa, wadda ke shan wuta ta cikin kebul ɗin.

Mai niyyar saye ya sani cewa mesh ba ya ƙara gudun da ke shigowa gida, rarraba shi kawai yake yi. Da daddare, lokacin da unguwa duka ta hau intanet, jinkirin da ke bene shi ne a zaure. Kowace na'ura kuma tana son soket nata, kuma idan aka ɗauke wuta a sashen da ba ya kan inbata, wanda ke dogara da na'urar da ke can ya yanke. Dole na ja wayar sola zuwa baranda saboda haka.

A ganina kuɗin bai tafi a banza ba, kuma zan ba mai gida irin namu shawarar saye, da sharaɗin ya ware kuɗin kebul tun farko. Abin da ban shirya masa ba shi ne data: da sabis ya isa ɗakin samari, wadda muke saye ta wata guda ta ƙare kafin mako na uku, har sai da na shiga manhajar na sa wa wayoyinsu lokacin rufewa ƙarfe 11 na dare.