Kirsimeti a Birmingham: na yi jiran bas ɗin da ba zai zo ba

Ƙarfe shida da rabi na safiyar 25 ga Disamba ina tsaye a wurin jiran bas na bakin layinmu. Duhu kamar tsakar dare, don a wannan lokaci na shekara rana ba ta leƙo Birmingham sai bayan ƙarfe takwas. Riga uku ce a jikina, ga safar hannu, ga hular sanyi na ja ta har kunne, amma sanyin ya biyo ta ƙasan takalmi ya kama ni. Aiki zan tafi, gidan kula da tsofaffi, kuma ni da bakina na roƙa a sa ni a ranar, saboda kuɗin ranar ninki biyu ne a wurinmu. Na ce a raina masu biki su je su yi bikinsu, ni in kwashi garaɓasa.

Minti goma shiru. Minti ashirin shiru. Ɗan allon da ke nuna lokacin isowar mota ba komai a kansa. Ko a jikina. Wanda ya taɓa zama a tashar Kawo yana jiran motar Kano ta cika, ana ta cewa saura mutum ɗaya tun hantsi har azahar, ba minti ashirin ne zai tayar masa da hankali ba. Abin da ya kamata in lura da shi, wanda ban lura ba, shi ne ni kaɗai ne. Titin nan da kullum da asuba ake tsere a kansa, ko keke bai gifta ba.

Na kusa minti arba'in sai ga wani dattijo Bature ya fito zagayawa da karensa. Ya wuce ni, ya tsaya, ya dawo.

"Samari, wa kake jira?"

Na ce bas.

Bai yi dariya ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Yatsa kawai ya sa ya nuna wata takarda da ke manne a jikin gilashin, daidai inda na jingina kafaɗata. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa ranar Kirsimeti babu mota. Ya ce takardar ta fi mako biyu a wurin. Kullum a nan nake tsayawa, safe da yamma, ban taɓa karanta ta ba. Har karen sai da ya ɗaga kai ya dube ni.

Na ciro waya na nemi tasi. Kuɗin da aka nuna mini ya kusa ninka na kullum sau uku. Direban da ya zo ɗan asalin Pakistan ne, ina shiga ya yi mini sallama, ya dube ni ta madubi ya ce, "Ɗan uwa, shekararka ta farko ke nan ko?" Na ce eh. Ya ce ni ne na uku da ya kwasa daga bakin titi tun asuba. Kafin mu isa na gama lissafi: zuwa da dawowa sun cinye rabin garaɓasar da na fito nema. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Shi ne ya wayar mini da kai a hanya. Ba unguwarmu kaɗai ba ce. Jirgin ƙasa ba ya tashi a ranar. A Landan, birnin da ake cewa ba ya barci, jirgin ƙarƙashin ƙasa da jajayen bas ɗin nan duk ajiye su ake yi. Manyan kantuna kuwa ba ma ra'ayinsu ba ne, doka ce: tun 2004 aka hana duk shagon da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 280 buɗewa ranar Kirsimeti a Ingila da Wales. Ko mai kanti yana so, ko layi ya kai bakin titi, a kulle zai kwana.

Da farko haushi na ji. Ƙasar da ta koya mini cewa ƙarfe sha ɗaya na dare zan iya danna waya a kawo mini madara har ƙofa, yau ta juya mini baya. A Kaduna ranar Sallah ana saukowa daga Idi mai shago zai buɗe, mai keke Napep yana kan titi da sabuwar shaddarsa, mai tsire ya hura wuta tun la'asar. Ba ka taɓa rasa abin hawa, sai dai ka rasa kuɗinsa. Amma da na zauna na huce, sai na ga wani abu. Direban bas ɗin da na yi ta zagi a zuci yana gida da 'ya'yansa. Yarinyar da ke karɓar kuɗi a kanti tana gaban mahaifiyarta. Rana ɗaya tak a shekara, kuma ba wanda ya yaudare ni. Sun rubuta, sun manna, sun sa a intanet, hatta masu kwasar shara sai da aka sanar cewa ranarsu ta canza a wannan mako. Mu kuwa gidan mai sai ya rufe ƙofa ana jajibirin biki ba ko uffan, na'urar cirar kuɗi ta ƙafe, mai POS ya ƙara lada, kowa ya ce haka Allah ya so. Mun saba ba a sanar da mu komai, shi ya sa ko an sanar ba ma karantawa. Tambayar mutum muke yi. To a nan babu mutumin, takarda ce.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ma tun kafin ranar ne. Ana saura kwana huɗu na shiga babban kanti na ga ledar karas an rubuta kwabo 15. Na ɗauka kuskure ne. Dankalin Turawa haka, ƙananan kabejin nan masu kama da ƙwallon yara da suke ci da naman talotalo su ma haka. Wato daidai lokacin da kowa ke neman abu, a lokacin ake karya farashinsa. Ba tausayi ba ne, kada wani ya ce na zama ɗan koren Turawa. Dabara ce: su jawo ka da karas, ka fita da keken sayayya cike da talotalo da cakulan da kyaututtukan da ba ka yi niyya ba, a can za su fanshe. Amma ko dabarar ce, talaka ya ci karas. Mu fa? Kaza tana jin an ambaci Disamba sai ta yi fiffike. Tumatir da attarugu su bi ta. Kuɗin motar Kafanchan ya ninka, na masu tafiya kudu kuwa ba a magana. Da Babbar Sallah kuma rago ya karɓi tuta. Kowa jira yake ɗan uwansa ya matsu ya yanke shi, sannan a haɗu a sahun gaba.

Kwanakin kafin bikin kam suna da daɗi, ba zan ɓoye ba. Magariba tana yi kafin ƙarfe huɗu, har azahar da la'asar da magariba kan taru cikin awa huɗu, kana idar da wannan waccan ta shigo. Amma duhun da wuri shi ke fito da fitilun. Kowane gida ya rataya nasa a taga, wani ma har kan rufi, kuma babu ƙarar janareta ko ɗaya. A tsakiyar gari, daga dandalin Victoria zuwa titin New Street, ana kafa kasuwar Jamusawa ta Frankfurt, rumfunan katako jere tun watan Nuwamba. Yawancin abin da ake ci a wurin ba namu ba ne, tsiran alade ne da giya mai zafi. Ni dai na tsaya wurin mai koko. Sai ka ba da kuɗin ajiya na kofi, in ka mayar a ba ka abinka, kamar yadda muke yi da kwalbar lemo a da. Na kuma sayi wani ɗan itace da ake gasawa a kan wuta a zuba maka a takarda, ɗanɗanonsa tsakanin gurjiya da dankalin Hausa. Na riƙe takardar da hannu biyu don ɗumi, ƙamshin hayaƙin ya kai ni bakin Kasuwar Barci da sanyin hunturu. Kuɗin da na biya kuwa zai sayi gurjiyar da za ta ishi layinmu gaba ɗaya.

A wurin aiki ranar an yi shagali daidai gwargwado. An ba kowa wani abu kamar alewa babba a naɗe, mutum biyu su ja, ya yi ƙara ya fashe, a ciki akwai hular sarauta ta takarda. Haka na yini da jar hular takarda a kaina, ni da ko hular zanna sai na zaɓa. Talotalon da suka ci fari fat, ba barkono ba albasa, ni kallo kawai na yi, na ci dankali da karas na barbaɗa yajin da ba na rabuwa da shi a aljihu. Ƙarfe uku daidai aka kunna talabijin don jawabin Sarki Charles, al'adar da kakan mahaifiyarsa, George na Biyar, ya fara ta rediyo a 1932. Tsofaffin nan suka yi tsit.

Akwai wata tsohuwa da tun safe ta sa aka yi mata kwalliya, aka zaunar da ita kusa da taga. Kati bakwai ne jere a kan teburinta, na ƙirga. Babu wanda ya zo. Ta ce mini ɗanta yana da nisa, kuma ai yau babu jirgi. Ta faɗe shi ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin yanayi. Na rasa abin cewa, sai na ƙara mata shayi.

Katin nan shi ne abin da har yanzu ban gama sabawa da shi ba. Da na dawo gida da daddare na tarar da guda biyu an zuro ta ramin wasiƙa na ƙofa, ɗaya daga matar da muke haɗa bango da ita. Shekara guda muna gaisuwar ɗaga hannu. Na juya katin gaba da baya, kamar mai neman inda aka ɓoye naman.

Don ni abin da na sani da Kirsimeti kwano ne. Muna yara, kafin rikicin 2000 ya raba Kaduna gida biyu, akwai maƙwabtanmu mutanen Kagoro. Ana gobe biki maigidan zai kamo kajinsa ya kawo wa Baba ya yanka, don kada a kai abinci gidan Musulmi a yi ta kallon-kallo. Washegari kafin azahar kwanuka sun fara shigowa, shinkafa da miya, man ya taso ja wur, ga cincin a leda. Inna ba ta taɓa mayar da kwano haka nan ba, ko ƙuli-ƙuli ne sai ta sa. Da Layya kuma mu ake aika da cinyar rago. Ba wanda ya taɓa rubuta wa wani komai.

A nan bikin na cikin gida ne, a bayan labule. Ka bi layi kana jin ƙamshi, kana hango inuwar mutane ta taga, amma titi wayam kamar an sa dokar hana fita. Ba yara masu yawon nuna sabon kaya, ba mai kiɗa, ba wanda zai ce shigo ka ci. Ga kaya har sun yi yawa, ga wuta, ga tsari, amma in ba a gayyace ka tun wata guda da ya wuce ba, kai da bango ne.

Firjina kuwa ba komai sai karas ɗin kwabo 15. Allah ya sa titin Alum Rock ba ya bin wannan kalanda: ƙananan shagunan 'yan uwa Musulmi a buɗe, fitila tar, na samu burodi da ƙwai da naman halal. Na dafa dafa-duka da daren nan, na rage barkono iya yadda imanina zai iya, na zuba a roba na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata. Ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofa a maƙale, ta dube ni ta dubi robar. Ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, a garinmu haka ake yi. Ta yi jim, sannan ta cire sarƙar ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya har sau uku. Ni na dawo ina jin kamar na yi laifi.

Washegari, 26 ga wata, gari ya farka kamar ba shi ba. Ranar ragin farashi ce da ƙwallon ƙafa. Na ɗauki wata rigar sanyi da na saya ta yi mini kaɗan, na shirya dogon bayani tun daga gida, har da rantsuwa. Yarinyar ta karɓi rasit, ta duba takardar da ke jikin rigar, ta ce kuɗina za su koma katina. Ko "me ya same ta" ba ta ce ba. Na tsaya da bayanina a baki. Na tuna telan da ya riƙe mini shadda tun farkon azumi, ya ba ni ita bayan Sallah da kwana tara, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da na yi magana ya ce kafaɗata ce a karkace.

Kwana biyu bayan nan na dawo daga aiki na tarar da robata a bakin ƙofa, an wanke ta tas, an sa ta a leda saboda ruwan sama. Da na ɗaga na ji nauyi. Ƙananan kek ne guda shida irin nasu na Kirsimeti, masu busassun 'ya'yan itace a ciki, da 'yar takarda a sama da rubutun hannu: ta duba kwalin, babu giya babu kitsen dabba, kuma shinkafar ta sa ta shan ruwa kofi uku.